DOGON YARO A GONA: BAƘON DA KE NEMAN GAJE GIDA
Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu a Kafin Hausa

 Abin da za mu duba yau shi ne itacen nan da kowa ya sani, wanda waɗansu ke kira dogon yaro, Kanawa su ce darbejiya, mutanen gabas su ce maina, Sakkwatawa kuma su ce bedi. Watakila waɗansunku za su yi mamaki su ji an tara manya a kan itacen da kullum a inuwarsa mu ke zama. Dalili kuwa shi ne, itacen nan ya fita daga wurin da aka ajiye shi, ya shiga gonaki da makiyaya, yana kuwa tsare wa itatuwanmu na gado wurin tsayawa. In ba a lura da shi tun yanzu ba, jikokinmu za su tashi su tarar da ƙasa cike da itace iri ɗaya tak, wanda ba a miya da ganyensa, ba a daddawa da 'ya'yansa.

ASALINSA DA AMFANINSA

Dogon yaro ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa daga ƙasar Indiya da Bama ya ke. A zamanin mulkin Turawa aka ƙetaro da shi Afirka ta Yamma, ya fara zama a ƙasar Gana, wadda a lokacin a ke kira Gwalkwas. A shekara ta 1928 aka fara dasa shi a Lardin Borno, da aka ga ya karɓi ƙasa sai ma'aikatan gandun daji da na En'e suka riƙa kai shi sauran larduna, suna jera shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu da ƙofar fada. Bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da hankalin kowa ya tashi saboda gurgusowar hamada, aka ƙara dasa shi da yawa a jere, shi da itacen turare, domin su tare iska da rairayi.

Lalle wajibi ne mu faɗi gaskiya, itacen nan ya yi mana aiki. Yana girma da sauri, yana jure fari, gara ba ta cika damunsa ba. Ya ba mu inuwa a bazara, ya ba mu makamashi da sandunan gini, masu maganin gargajiya suna aiki da ganyensa, ana tatsar mai daga ƙwallonsa a yi sabulu da maganin ƙwari. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta ƙasar Nijar, an fara jera shi tsakanin gonaki tun 1975 domin tare iska, manoma kuwa sun ga gero ya ƙaru. Alhazanmu kuma sun san irin inuwar da ya ke bayarwa a filin Arfa. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya ce an yi umurni a sare dogon yaron gari. Na gari da na bakin hanya a wurinsu su ke. Wanda mu ke magana a kansa shi ne wanda ba wanda ya dasa shi, ya tsira don kansa a tsakiyar gona, ko a gindin kuka, ko cikin burtali.

YADDA YA KE YAƊUWA

Abu uku ne suka ba dogon yaro rinjaye bisa itatuwanmu. Na farko, saurin haihuwa. Cikin shekara uku zuwa biyar ya ke fara 'ya'ya, in ya kai shekara goma ya cika, babba guda ɗaya kuwa yana iya zubar da 'ya'ya har kilo 50 a shekara, watau ƙwallo dubbai. Tsamiya da kanya da kuka, kun sani, sai an daɗe ana jiransu kafin a ɗanɗana.

Na biyu, yana da masu yi masa shuka kyauta. Tsuntsaye da jemagu suna shan zaƙin 'ya'yansa in sun nuna, sa'an nan su tashi su sauka kan wani babban itace a gona su yar da ƙwallon. Mafi yawan 'ya'yan kuwa gab da faɗuwar damina da cikinta su ke nuna, sai ƙwallon ya faɗa ƙasa mai laima, cikin inuwa, inda garma ba ta kai ba. Don haka ne in ka je gindin tsohuwar tsamiya ko ɗorawa za ka ga 'yan dogon yaro sun kewaye ta kamar an shuka. Cikin 'yan shekaru sai su ƙetare rassanta, su tsare mata rana, saiwoyinsu su riƙa shanye ruwan da ta saba sha. Sannu a hankali sai uwar gida ta rage 'ya'ya, rassanta su soma bushewa, ran da ta faɗi kuwa, wanda ke tsaye a gurbinta baƙon nan ne.

Na uku, ɗacinsa ya zama masa garkuwa. In an saki dabbobi bayan kaka, akuya ta kan cinye tsiron gawo da na kuka da na ɗorawa tun suna taki ɗaya, amma dogon yaro ba ta cika kula shi ba sai yunwa ta matsa. Bayan haka kuma, in an sare shi ba ya mutuwa, sai kututturen ya tofo da rassa biyar ko goma a maimakon ɗaya, wani lokaci har saiwarsa ta fito da sabon tsiro can gefe.

Masana da suka yi bincike a karkarar Kano sun sami abin da ya kamata mu yi tunani a kai. Sun ga itatuwan gona sun fi na shekarun 1960 yawa, abin da za a ce madalla. Amma da suka duba iri iri, sai suka tarar dogon yaro ne ya fi yawa cikin masu tasowa, itatuwan gado kuwa galibinsu tsofaffi ne ba magada. Ba sai mun je Kano ba. Kowane Hakimi da ke nan, in ya koma, ya tsaya a gona goma daga cikin gonakin tudu na ƙasarsa, ya ƙidaya manyan itatuwa daban, ƙanana daban, zai ga amsa da idonsa.

ABIN DA A KE HASARA

Kakanninmu ba su bar itace a gona don ado ba. Kowane da aikinsa. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da su ke ƙiba da su. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Kuka ita ce miyar talaka shekara duka, ga garin 'ya'yanta, ga igiya daga ɓawonta. Ɗorawa ta ba mu kalwa da daddawa, sana'ar da mata da yawa ke rufa wa kansu asiri da ita. Tsamiya ta shiga kunu, kanya da ɗinya da aduwa da kurna da magarya sun tsare yara daga yunwa a shekarun da hatsi ya yi wuya. Majema ba su da abin da ya fi bagaruwa, maƙera da masassaƙa ba su da kamar kirya, masu saƙar tabarma kuma da kabar goruba su ke ci.

Dogon yaro kuwa da damina ya ke cika da ganye, daidai lokacin da gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ke bukatar rana. Saiwoyinsa na gefe suna bin ƙarƙashin kunya suna raba ruwa da shuka. Itace ɗaya a iyakar gona ba wata ɓarna ba ce, amma in sun kai goma ko ashirin a gonar da ba ta wuce eka biyu ba, mai gonar zai ga rumbunsa ya ragu bai san dalili ba. A makiyaya da burtali kuma, inda ba mai nome shi, sai ya yi duhuwa, ciyawa ta ƙi fita ƙarƙashinsa. Makiyayi in ya rasa ciyawa a hanyarsa, kun san inda shanunsa za su nufa, kun kuma san shari'ar da ke biyo baya, gama gabanku a ke kawo ta.

Akwai kuma haɗarin dogara ga itace iri ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa dogon yaro a ƙasashen da ke kewaye da Tabkin Cadi, wajen 1990 kuma aka ga wata cuta tana busar da shi a Nijar da arewacin Nijeriya. Allah ya kiyaye, abin bai gama da shi ba. Amma a ce wata rana irin wannan ta sake zuwa da ƙarfi, alhali mun bar shi ya gaje sauran, to, da me ƙasa za ta rufa?

DARASIN KACALA

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya ba ma bukatar a ba mu labarin abin da tsiro ke yi in an ƙyale shi. Kacala ta koya mana. Da can kogi ya kan cika da damina ya malala fadamu, da rani ya janye, ƙasa ta bushe, kacala ba ta samun zama sai a 'yan wurare. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa zuwa rani da damina, kacala kuwa abin da ta ke so ke nan. A farko ba wanda ya ɗauke ta a bakin kome. Kafin a farga ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su da mashayar dabbobi tun daga nan har Guri da Nguru, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye hatsi. Ruwan da ya rasa hanyarsa kuma sai ya nufi gari da gona, ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Aikin da a da mutum goma za su yi da lauje, yanzu sai an kawo manyan injuna masu tafiya bisa ruwa, ana kashe kuɗi masu yawa, ita kuwa tana komowa.

Dogon yaro ba ya son inda ruwa ke kwanciya, saboda haka ba zai bi kacala cikin fadama ba. Shi tudu ya ke ci. Ku duba fa, kacala ta kama mu ta wajen kogi, shi kuma yana tahowa ta wajen jigawa, talaka yana tsakiya. Bambancinsu ɗaya ne, shi har yanzu hannu yana iya cire shi.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Gana ya mamaye filayen da ke kewaye da Ankara. A arewacin Ostareliya hukuma ta sa shi cikin jerin tsire-tsiren da doka ta ce a hana su yaɗuwa tun 2014.

WANI BAƘON DA ZA A YI TSARO

Tun da muna maganar baƙi, ya kamata ku san wani wanda ya fi dogon yaro mugunta. Ɗan'uwan kirya ne, amma daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu aka kawo shi, masana suna kiransa Prosopis juliflora. Gajere ne mai rassa barkatai, da ƙaya mai kaifi, da 'ya'ya dogaye masu zaƙi. An dasa shi a gabashin Nijar a shekarun 1970 domin tsai da rairayi, sai ya bi ƙasar da Tabkin Cadi ya janye ya bari, ya zama kurmin da ba a ratsawa. Shi yana son fadama. Dabbobi ke cin 'ya'yansa su kai irin nesa cikin kashinsu. A ƙasar Kenya, wajen Tabkin Baringo, ya kori mutane daga makiyayarsu, har a 2006 suka kai ƙarar Gwamnati, suka zo kotu da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yansa. Ƙasarmu hanyar dabbobi ce daga arewa da gabas. Duk wanda ya ga irin wannan ƙaya tana yaɗuwa a fadama ko burtali, ya gaya wa Malamin Daji nan da nan, kada kuma a karɓi irinta don yin shinge.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga abin da mu ke roƙo ku sanar da Dagatai da Masu Unguwa, su kuma su sanar da talakawa a masallatai da kasuwanni kafin ruwa ya sauka.

1. Kowane manomi, sa'ad da ya ke noman fari da maimai, ya bi gindin itatuwan gonarsa da iyakokinta ya tuge 'yan dogon yaro da hannu. In ƙasa na da laima da saiwarsu su ke fitowa, yaro ma ya iya. Aikin rabin yini ne a shekara.

2. Wanda ya wuce tugewa, a haƙe shi da gatari ko magirbi har a cire gindin. Sara daga sama ƙara masa yawa ya ke yi.

3. Wanda ya girma manne da kuka ko tsamiya ko ɗorawa, a nemi izinin Malamin Daji a sare shi, sa'an nan a riƙa fizge tohon duk sa'ad da ya fito har kututturen ya gaji. Kada a sa wuta, gama wutar ba ta san baƙo da ɗan gida ba.

4. Manyan da ke iyakar gona, in mai su yana so, a bar su, amma a datse rassansu gab da damina. Ya sami itacen girki da na gini, shuka ta sami rana, 'ya'yan kuma su ragu. In itacen yana kan iyakar mutum biyu, Mai Unguwa ya daidaita su tun da rani, kada a bari sai shuka ta fito a zo ana ƙara.

5. A ƙarfafa wa mata da yara su riƙa tsince ƙwallon da ya zuba a cikin gari, a shanya, a tatsi mai ko a sayar. Ƙwallon da ya shiga buhu ba zai tsira a gonar kowa ba.

6. Makiyaya da burtali da maƙabarta da filin Idi ba su da mai nome su. Waɗannan sai aikin gayya, sau ɗaya a shekara, manoma da Fulani tare, Dagaci da Arɗo suna tsaye.

7. In za a karɓi dashe daga wurin renon itatuwa na Gwamnati, a nemi na gado tare da na inuwa. In an dinga tambayar gawo da ɗorawa da tsamiya, masu reno za su dinga shuka su.

Sai dai cire baƙo rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a tsai da ɗan gida. A nan maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka soma abin da su ke kira sassaben zamani, watau in an zo sharar gona ba a ƙone tohon gawo da kalgo da sabara da magarya da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kiyaye su daga dabbobi har su fi ƙarfin akuya. Ba dashe, ba ban ruwa, ba kuɗi. Da wannan dabara aka rayar da ƙasa wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. An kuma ruwaito cewa Sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, watau tun asali kiyaye itacen gona aikin sarauta ne.

Akwai gargaɗi ɗaya. Za a sami waɗansu masu son zuciya da za su fake da wannan jawabi su shiga saran itatuwa don gawayi, su ce ai dogon yaro a ke yaƙi da shi. Dokar hana saran itace ba tare da izini ba tana nan daram. Jiharmu tana cikin jihohi 11 da a ke aikin Babbar Ganuwar Itatuwa domin tsare hamada, ba mu da itacen da za mu yi wasa da shi. Abin da a ke nema shi ne ƙasa ta cika da itatuwa iri iri, kowane a inda ya dace da shi.

AIKIN MAGATAKARDA

Ku kuma Malamai, aikinku shi ne abin da zai sa maganar nan ta wuce ta fatar baki. Kowane magatakarda ya buɗe littafi. A kowace ƙasar Dagaci a zaɓi gona goma na tudu, a rubuta sunan gari da na unguwa, sa'an nan a ƙidaya itatuwan da ke ciki, kowane iri da layinsa, a raba su gida biyu, waɗanda suka fi tsawon mutum da waɗanda ba su kai ba. A yi ƙidayar bayan an kwashe amfani, a kuma koma gonakin nan goma ɗin kowace shekara, kada a sake waɗansu. A rubuta ranar da aka yi gayya da wurin da aka yi ta da yawan mutanen da suka fito. A rubuta duk inda aka ga baƙuwar ƙayar nan da na ambata. A tambayi tsofaffi sunayen itatuwan da suka sani da ƙuruciya waɗanda yanzu ba a ganinsu, a rubuta, gama wannan ilmi ne da ke tafiya tare da masu shi. Kwafi ɗaya ya zauna wurin Hakimi, ɗaya a aika wa sashen gandun daji na Ƙaramar Hukuma. Ga Jami'ar Sule Lamido nan a Kafin Hausa tun 2013, littafi irin wannan in an tsare shi da gaskiya zai yi wa malamanta da ɗalibanta amfani ƙwarai. Kada a rubuta abin da ba a gani ba don a faranta wa na gaba rai. Ƙidayar ƙarya ta fi rashin ƙidaya ɓarna.

Ranku ya daɗe, talaka ba ya tuge abin da bai ga shugabansa ya tuge ba. In Hakimi ya fara da gandunsa, ya sa aka share gindin kukokinsa, ya bar tohon gawo ya tashi, Dagaci zai bi, Mai Unguwa zai bi, ba sai an yi shela sau biyu ba. Itatuwan da mu ke ci yau waɗansu ne suka tsare mana su, ba su kuwa san mu ba. Hakkin na baya yana wuyanmu kamar yadda namu ya kasance a wuyansu.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ƙara wa Hakimai lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya.